Kafaɗar da ke yawan gocewa: yadda ake gano zaizayar ƙashi da yadda ake shirya wa tiyata

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa wajen motsi a jikin ɗan Adam, kuma wannan sakewar ce ta sa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Kan ƙashin damtse babba ne dunƙulalle, gurbin da yake zaune a kai kuwa, wanda ke jikin allon kafaɗa, ƙarami ne marar zurfi, faɗinsa bai cika wuce santimita 3 ba. Abin da ke riƙe su tare shi ne wani zoben guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, da jakar da ta lulluɓe gaɓar, sai tsokokin da ke kewaye da ita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take faruwa, wato kan ƙashin ya zame ya faɗo ta wajen ƙirji, galibi a lokacin da hannu yake ɗage kuma aka banƙare shi baya. A ƙasar Katsina ba a rasa abin da zai jefa hannu cikin wannan hali, kama daga faɗuwa a kan babur, da faɗuwa daga kan doki a hawan Sallah ko a filin ƙwallon dawaki, har zuwa kokawa da dambe da tsaron gida a wasan ƙwallon ƙafa.

Gocewar farko sau da yawa ba ta buƙatar tiyata. Wannan bayani na wanda abin ya zame wa jiki ne, wanda kafaɗarsa ke fita in ya miƙa hannu zai ɗora kaya a kai, ko yana sa riga, ko ma yana cikin barci, har ya kai ga ya koyi mayar da ita da kansa. Matasa ne abin ya fi kamawa, domin a cikin waɗanda kafaɗarsu ta fara gocewa suna ƙasa da shekara 20, fiye da rabi takan sake fita, musamman maza masu wasannin ƙarfi. Wanda ya haura shekara 40 matsalarsa daban ce, don shi abin da aka fi jiye masa shi ne yagewar jijiyoyin tsokar da ke juya kafaɗa.

Abin da ke lalacewa a ciki

A gocewar farko, kan ƙashin yakan yage zoben guringuntsin nan daga gaban gurbi. Wani likitan tiyata na Ingila mai suna Bankart ne ya yi bayanin wannan rauni a 1923, shi ya sa har yau ake kiran raunin da ɗinkinsa da sunansa. Bayan kan ƙashin ya fita, bayansa yakan daki kaifin bakin gurbi ya loɓa, ya bar rami, kuma wannan ramin shi ne likitocin hoto biyu na Amurka, Hill da Sachs, suka bayyana a 1940. Ke nan ɓarnar ta fuska biyu ce, akwai ta gurbi, akwai ta kan ƙashi.

Duk lokacin da kafaɗar ta sake fita, ƙashi yana gogar ƙashi. Wani sa'in ɓalli guda ne ke ɓantarewa daga bakin gurbi tun a karon farko, wani sa'in kuma a hankali bakin ke cinyewa, ramin bayan kan ƙashin kuma yana ƙara faɗi. Daga ƙarshe gurbin ya koma tamkar kaskon da gefensa ɗaya ya ɓare, duk yadda aka lallaɓa shi abin da ke ciki ta nan zai zube. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ce da farko sai da ya faɗi daga kan mashin kafin ta fita, yanzu kuwa miƙa kawai ta ishe ta. Sauƙin fita da sauƙin komawa, wanda wasu ke ɗauka alamar jiki ya saba ne, a gaskiya alama ce ta cewa abin da ke tare ƙashin ya ƙare.

Masu ɗorin gargajiya suna da matsayinsu a wurin jama'a, amma a wannan ciwo babu ɗauri ko shafi ko tofi a kan fata da zai mayar da ƙashin da ya zaizaye. Haka shi ma motsa jiki, yana ƙarfafa tsoka amma ba ya tsirar da bakin gurbi. Jan hannu da ƙarfi kuma, irin wanda ake taka hammata da ƙafa a fizga, yana iya karya wuyan ƙashin damtse ko ya ja jijiyar ji da motsi ta mutu. In kuwa kafaɗar ta fita ta kwana makonni ba ta koma ba, kada kowa ya gwada mayar da ita a gida, domin nama ya riga ya cika gurbin, sai dai a ɗakin tiyata.

Abin da ya sauya tunanin likitocin ƙashi a kan wannan batu shi ne binciken da Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu suka wallafa a shekarar 2000. Sun bi diddigin mutum 194 da aka yi wa ɗinkin Bankart ta hanyar kyamara. A cikin waɗanda ƙashinsu bai yi wata zaizaya ba, kashi 4 cikin 100 ne kawai kafaɗarsu ta sake fita, amma a cikin masu zaizaya mai yawa, kashi 67 cikin 100 ne suka koma gidan jiya. Aiki iri ɗaya ne, hannuwa iri ɗaya, bambancin yana ga ƙashin. Saboda haka tambayar farko ba ita ce ko za a yi aiki ba, tambayar ita ce nawa ne ya rage na ƙashin, kuma wanda aka shigar ɗakin tiyata ba a auna wannan ba, an yi masa ƙaranta.

Zuwa wurin likita da ɗaukar hoto

Mutumin Katsina zai iya farawa da sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, na Daura da Funtuwa da Malumfashi kuma ya fara da babban asibitin garinsa ya karɓi takardar turawa. Tiyatar kafaɗa fanni ne a cikin fanni, ba kowane likitan ƙashi ne ke yawan yin ta ba, don haka ba abin mamaki ba ne in an tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Abuja. Likitan da ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ya tura gaba, ya kyauta.

Kafin ranar ganin likita, mai ciwon ya zauna ya tuna tarihin kafaɗar, in ya samu hali ya rubuta: shekarunsa nawa ta fara fita, me ya jawo, kamar sau nawa ta fita tun daga nan, wa ke mayar da ita, kuma ko tana fita cikin barci ko da hannu bai kai tsayin kafaɗa ba. Waɗannan biyun na ƙarshe suna nuna zaizaya mai yawa. Ya faɗi sana'arsa dalla-dalla, domin shawarar da za a ba tela daban take da wadda za a ba birkila ko ɗan dako. Abu mafi muhimmanci, wanda kunya kan sa a ɓoye, shi ne farfaɗiya. Jijjigar farfaɗiya tana fitar da kafaɗa da ƙarfin da ke cin ƙashi ƙwarai, wani lokaci ma ta baya take fitar da ita, kuma tana iya karya duk aikin da aka yi in ta tashi bayan tiyata. Haka nan ƙwayar tiramol tana jawo irin wannan jijjiga ga mai shan ta da yawa. Likita ba alƙali ba ne, a faɗa masa gaskiya.

A ɗakin duba marasa lafiya, likita zai kwantar da mutum rigingine ko ya zaunar da shi, ya ɗaga damtsen zuwa tsayin kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu, sannan ya riƙa tura tsintsiyar hannun baya a hankali kamar mai shirin jifa. Ba zafi yake nema ba, fuskar mutum yake kallo. Mai irin wannan ciwo zai ɗaure fuska, ya ƙanƙame jiki, ya ce a tsaya za ta fita. In likitan ya danna gaban kafaɗar da tafin hannunsa sai fargabar ta kwanta, in ya saki ta dawo. Zai kuma duba ko gaɓoɓin mutum masu laushi ne tun asali, da ƙarfin tsokoki, da ko akwai inda fata ta mutu a gefen damtse.

Hoton ƙashi na yau da kullum shi ne matakin farko, kuma ya kamata a ɗauke shi ta fuska fiye da ɗaya, har da wanda ake ɗauka ta hammata, amma ba ya isa a auna zaizaya da shi. Wanda ke auna ƙashi shi ne hoton siti-sikan, wanda ake rubutawa CT a takardar asibiti, musamman in an sarrafa shi a kwamfuta ya fito da siffar ƙashin ta kowane ɓangare, aka kuma cire kan ƙashin damtse daga hoton don a ga fuskar gurbin tsaf. Ƙasan gurbi lafiyayye kusan da'ira ne, sai likita ya zana da'irar a kai, ya auna abin da ya ɓace daga gabanta. Wani hoton da ake kira MRI ya fi nuna guringuntsi da jijiyoyin tsoka, kuma ana iya auna ƙashi da shi, amma in kuɗin mutum na hoto ɗaya ne kuma ana zargin zaizaya, likitoci da yawa siti-sikan za su zaɓa. A karɓi hoton a faifai ko a filashi, kada a tsaya ga takardar sakamako kaɗai, domin mai tiyata yana son ya auna da idonsa.

Zaɓen aikin da ya dace da ƙashin

An daɗe ana ɗaukar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na faɗin gurbi a matsayin iyakar da in zaizaya ta kai, ɗinki kaɗai ba zai riƙe ba. Wannan adadi yana da girma a kunne, amma a zahiri milimita 5 zuwa 7 ne kawai. Wani bincike da aka yi a kan sojojin Amurka a 2015 ya nuna cewa tun daga kashi 13.5 sakamakon ɗinki ke fara lalacewa ga masu aikin ƙarfi, ko da kafaɗar ba ta fita gaba ɗaya ba. Ramin bayan kan ƙashi shi ma yana shiga lissafi, kuma ba zurfinsa kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko zai kai bakin gurbi ya saƙale a lokacin da aka ɗaga hannu. Likitocin Japan, Yamamoto da Itoi, su suka fito da hanyar wannan lissafi a 2007. Ƙaramar zaizaya a gurbi in ta haɗu da rami mai faɗi tana iya yin ɓarnar da babbar zaizaya ke yi.

In zaizayar kaɗan ce kuma ramin ba ya saƙalewa, ɗinkin Bankart ya wadatar, wato a mayar da zoben guringuntsi bakin gurbi a ɗaure shi da zare mai ƙarfi wanda aka kafa cikin ƙashi da 'yan ƙananan maƙalai, ko ta ƙananan huji da kyamara, ko ta yanka. In ɓallin ƙashin da ya ɓantare yana nan da girmansa, ana iya mayar da shi mazauninsa a ɗaure, sai dai ɓallin yakan narke in an ɗau watanni, kuma wannan yana cikin asarar da jinkiri ke jawowa. In gurbin da sauransa amma ramin baya yana saƙalewa, ana ƙara wa ɗinkin wani aiki da ake kira ramplisaj, inda ake ɗinke jijiyar tsokar bayan kafaɗa a cikin ramin ta cike shi.

In zaizayar ta kai kashi 20, ko ta kusa kuma mai ita matashi ne ɗan kokawa ko mai aikin ɗaga kaya, ko an taɓa ɗinki ya warware, to sai an ƙara ƙashi. Aikin da ya fi shahara a nan shi ne na Latarjet, likitan birnin Liyon na Faransa wanda ya bayyana shi a 1954. A gaban allon kafaɗa, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, akwai wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da ake kira korakoyid, wanda jijiyar tsokokin gaban damtse ke maƙale a bakinsa. Bayan an sa mutum barci, an jingina shi rabi zaune rabi kwance, likita zai yanka gaban kafaɗa tsawon kamar santimita 5 zuwa 8, ya bi ta tsakanin tsokoki ba tare da ya yanke su ba, ya yanko kimanin santimita 2 na wannan ƙashi tare da jijiyarsa a jiki. Zai kankare fuskarsa ta ƙasa har jini ya tsattsafo, ya kankare wuyan gurbin haka nan, domin ɗanyen ƙashi ne ke kama ɗanyen ƙashi. Daga nan ya tsaga tsokar da ta rufe gaban gaɓar bisa tsawonta, ya zura ƙashin ta cikin tsagar, ya kwantar da shi a inda zaizayar take, ya ɗaure da sukuru biyu. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu.

Ƙarfin wannan aiki ta hanya uku yake zuwa. Ƙashin da aka dasa ya mayar wa gurbi faɗinsa, jijiyar da ta biyo shi kuma takan miƙe ta tokare gaban gaɓar daidai lokacin da aka ɗaga hannu aka banƙare shi, wato daidai lokacin haɗari, sannan ana ɗinke jakar gaɓar a ƙarshe. Duk gwanintar tana wurin ajiye ƙashin: in ya turo ya wuce fuskar gurbi zai riƙa gurzar kan ƙashin damtse ya jawo amosanin gaɓa da wuri, in ya noƙe ciki kuma ba zai tare komai ba. A ganina wannan ya ishi mutum dalilin neman wanda hannunsa ya saba, ko da tafiyar za ta ƙara nisa. Wata fa'idar aikin a irin ƙasarmu ita ce, in ta yanka za a yi, ba ya buƙatar na'urar kyamara, sukuru biyu da kayan tiyatar ƙashi da aka saba da su sun isa.

Akwai inda korakoyid ba zai wadatar ba, kamar in zaizayar ta kai kusan sulusin gurbi, ko an taɓa yin Latarjet ya lalace. A nan ana yanko ƙashi daga bakin ƙugun mutum a dasa. Dabarar dasa ƙashin da aka yanko daga wani sashen jiki Eden na Jamus ne ya fara ta a 1918, Hybinette na Suwidin kuma ya inganta a 1932. Wani gwaji da aka yi a Turai aka wallafa a 2019 ya kwatanta ta da Latarjet bai ga wani babban bambanci a sakamako ba, illa dai ƙugun yakan yi ciwo na wani lokaci. Ana kuma dasa ƙashin mamaci a ƙasashen da ke da ma'ajiyar ƙashi. Wanda kafaɗarsa ta baya take fita, da wanda gaɓoɓinsa ke da laushi ta kowace fuska, da mai fitar da ita da gangan don ya ba abokai mamaki, duk ba su cikin masu Latarjet, kuma biyun ƙarshe motsa jiki ake fara ba su.

Bayan Latarjet, waɗanda kafaɗarsu ke sake fita ba su kai kashi 10 cikin 100 ba a yawancin rahotanni, amma matsalolinsa sun fi na ɗinki yawa. Jijiyoyin ji da motsi suna wucewa dab da wurin aikin, in an ja su mutum zai ji gefen damtse ko na sangalin hannu ya mutu, ko lanƙwasa gwiwar hannu ya yi rauni, kodayake mafi yawa suna farfaɗowa cikin makonni ko watanni. Ƙashin yana iya ƙin kamawa, sukuru yana iya kwancewa ko karyewa, ciwon yana iya ruruwa, kuma wasu sukan rasa ɗan juyin hannu zuwa waje. Saboda haka kada a ji nauyin tambaya. Cikin ladabi mutum zai iya cewa, "Likita, ranka ya daɗe, kashi nawa na gurbin ya tafi, kuma me ya sa ka zaɓi wannan aiki ka bar wancan?" Uba da ya rako ɗansa yana da damar ƙarawa da, "Allah ya gafarta likita, kana yawan yin irinsa, kuma in bai kama ba mene ne mataki na gaba?" Ƙwararre ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, hasali ma zai juyo da kwamfuta ya nuna inda ƙashin ya ɓace.

Shiri kafin ranar aiki

Wannan ba tiyatar gaggawa ba ce, don haka a zaɓi lokaci da hankali, ba tare da an mayar da zaɓen lokaci hujjar ɗagewa shekara da shekaru ba. Manomi ya fi dacewa ya yi bayan girbi, yadda kafin saukar damina ya samu wata biyar ko shida. Sanyin hunturu kuma ya fi zafin bazara sauƙi ga mai ɗaure da bandeji da maratayin hannu. A nemi a rubuto kuɗin aikin gaba ɗaya, da na sukuru ko maƙalai, da gado, da magani, sannan a ƙara kuɗin mota da na motsa jiki na watanni, wanda yawanci shi ake mantawa. Mai inshorar lafiya ya je ofishinta na asibitin ya tambaya tun da wuri abin da ta ɗauke.

Mai shan sigari ko shisha ya daina tun makonni kafin aiki, ya kuma ci gaba da ƙauracewa har ƙashin ya kama, domin taba tana cikin manyan abubuwan da ke hana dashen kamawa. Mai farfaɗiya sai likitan ƙwaƙwalwa ya daidaita masa magani, an ɗau lokaci ba ta tashi ba. Mai ciwon suga ya saisaita sugansa, mai hawan jini haka, mai sikila kuma ya sanar da likitan barci tun zaman farko. A bayyana duk abin da ake sha, har da asfirin da magungunan tsinka jini da jiƙe-jiƙen gargajiya. In akwai ƙuraje ko maruru a hammata ko kafaɗa a nuna, don ana ɗage aiki saboda su. A ranar aikin ana barin abinci aƙalla awa 6 kafin shiga, ruwa kuwa a bi abin da likitan barci ya ce. Sau da yawa ana ƙara allura a gefen wuya da ke kashe hannun gaba ɗaya, don haka wanda ya farka ya ji hannunsa kamar ba nasa ba kada ya firgita, zai dawo cikin yini guda.

Jinya

Yawanci kwana ɗaya ko biyu ake yi a asibiti, a cire zare bayan kamar mako biyu. Hannun yana zama cikin marataya mako 3 zuwa 6 gwargwadon umarnin wanda ya yi aikin, amma tun ranar farko ake motsa yatsu da wuyan hannu. Barci ne ya fi wahala a makon farko, kuma mafi sauƙi shi ne a jingina da matasai a kwana rabi zaune, a sa ƙaramin matashi ƙarƙashin gwiwar hannun don kada ya zame baya. Kaftani da duk rigar da ake zurawa ta kai a ajiye su tukuna, a nemi mai maɓallai a gaba, a fara zura hannun mai ciwo, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. Don wanke hammata, mutum ya sunkuya gaba ya bar hannun ya yi lilo da kansa, sarari zai buɗe ba tare da ya ɗaga shi ba, sai ya goge ya tsane sosai. In hagu aka yi wa aiki tsarki zai yi wuya, in dama ce cin abinci, don haka a tanadi mai taimako na kwanakin farko. A wajen salla kada a dogara a kan hannun a sujada ko wajen miƙewa, a yi ta a zaune in ta kama, batun shafa a kan bandeji wajen wanka kuma a tambayi malami. Mata su haƙura da daka da goyo da ɗora jarka a kai, domin ɗora kaya a kai yana kai hannu daidai inda aka hana.

A koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba in zazzaɓi ya taso, ko ciwon ya yi ja ya fara ruwa, ko kafaɗar ta kumbura farat ɗaya, ko hannun ya ci gaba da mutuwa bayan kwana biyu, ko numfashi ya yi wuya.

Motsa jiki a hannun likitan fisiyo, wanda aka fi sani da mai gashin ƙashi, yana tafiya ne hawa-hawa. A makonni shida na farko shi ne ke motsa hannun, ko mai ciwon ya tallafe shi da ɗaya hannun, kuma ana taƙaita juyawa waje. Bayan Latarjet ana hana lanƙwasa gwiwar hannu da nauyi a wannan lokaci, ko da butar alwala ce, saboda tsokar gaban damtse tana jan ƙashin da aka dasa kai tsaye. Daga mako na 6 hannun zai fara ɗaga kansa, daga baya a shiga ƙarfafa tsoka da roba. Ma'aikacin ofis zai iya komawa bakin aiki cikin 'yan makonni, tuƙin mota sai bayan an ajiye marataya kuma likita ya yarda, babur da Keke Napep kuwa su jira fiye da haka saboda jijjigar hanya da haɗarin faɗuwa. Kada a kai kafaɗar wurin mai ɗori ya murza ta da sunan saki, ko a gasa ta da wuta.

Haɗarin da ya fi yawa yana zuwa ne a wata na biyu, lokacin da zafi ya tafi, mutum ya ji garau, alhali ƙashin bai gama kamawa ba. Dashen yana buƙatar kimanin wata 3, kuma hoto ne ke tabbatar da kamawarsa, ba yadda mutum ke ji ba, shi ya sa likitoci da dama ke neman sabon siti-sikan kafin su sallami ɗan wasa. Huɗa da kaftu da dako, da kokawa da dambe da hawan doki, suna jira wata 4 zuwa 6, sai motsi ya cika kuma ƙarfin hannun ya kusa na ɗan'uwansa. Sukurun suna zama a jiki, ba a cire su sai in sun dami mutum, kuma in hoton bayan shekara ya nuna saman dashen ya ɗan narke, wannan abu ne da ake yawan gani ba tare da ya hana kafaɗar zama ba. A adana faifan hotunan farko da takardar bayanin tiyata wuri guda, domin in wata rana kafaɗar ta sake motsi, duk likitan da zai duba ta zai fara tambayar irin aikin da aka yi da girman zaizayar da aka tarar.